Dan Allah me yasa ba a cika ganin mata a kan dokin tsere ba?

'Yar Zazzau:

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da war haka. Tambaya ce dani kuma inaso wanda yasan harkar dawaki da gaske ya amsa min, ba musu nazo nema ba.

Ina da yarinya 'yar shekara 11, tun tana ƙarama Allah ya ɗora mata son doki. Kakanta na wajen uba yana da dawaki biyu da yake fita dasu hawan sallah, to duk hutu in mukaje gida bata da wurin zama sai bakin turke, ita ce kai dusa ita ce ɗebo harawa, har ta san wanda baya son a taɓa masa kunne. Satin da ya wuce ta karɓi wayata tana kallon dawaki a YouTube sai ta faɗa kan wani tseren Ingila da ake kira Grand National na shekarar 2021, wanda wata mata 'yar ƙasar Ailan mai suna Rachael Blackmore ta ci a kan doki Minella Times. Dawaki 40 suka tashi, shinge 30 zasu tsallake, tafiyar kusan kilomita 7, filin fayau ba 'yan kallo saboda korona, mai sharhin yana ta ɗaga murya wai ita ce mace ta farko da ta taɓa ci a tseren da aka fara tun 1839. Wlh yarinyar nan ta kalla yafi sau goma, can sai ta juyo tace min "Mama to duk shekarun nan ina matan suke?" Na duba na ga ko a ranar ma mata 3 ne kacal cikin mahaya 40. Na rasa me zance mata kuma abin ya tsaya min a rai.

Abinda ya ɗaure min kai shine ance mahayin dokin tsere so ake ya zama mara nauyi, har maza suna zama da yunwa don kar sikeli ya kama su, to ai mata ne suka fi ƙaramin jiki. Kuma wannan ba kamar ƙwallo ko dambe bane da ake ware maza daban mata daban, tare ake tashi kuma dokin ne ke gudun. To me ya hana? Ƙarfi ne, tsoro ne, ko hana su akeyi?

Ɗan Barga:

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana ita ya yi mata albarka. Na gida zan faɗa miki, don na haura shekara 20 ina wankin doki ina kai shi kilisa a Kano.

Da farko dokin sukuwa daban dokin hawa daban. Na hawan sallah an yi masa ado, yana tafe yana taƙama, ga mutane hagu da dama wani ma riƙe da ragamarsa. Na sukuwa kuwa wata da watanni yana turke ana ɗura masa hatsi da kanwa, ranar da aka kawo shi fili ya ji hucin 'yan uwansa jikinsa har ɓari yake, kumfa na zuba a baki, idan ya cije linzami ya miƙe wuya zakiji hannunki kamar zai fita daga kafaɗa. Na taɓa ganin yaro ya zame a kwana ƙafarsa ta maƙale a likkafa, dokin ya ja shi a ƙasa kafin a tare, cinya ta karye, yau magidanci ne da 'ya'ya amma har yanzu da ɗingishi yake tafiya. Shi yasa in aka tambaye ni kai tsaye cewa zanyi haɗari ne, kuma raina bazai so ganin 'ya mace a cikin wannan ƙurar ba.

Amma tsakani da Allah in na ce miki ƙarfi ne na yi miki ƙarya. Yaran da muke ɗorawa 'yan sirara ne, wani in kin ganshi zakice iska zata ɗauke shi. Abinda suke dashi sabo ne. A barga suka tashi, a gefen doki suke kwana, su kwashe kashi su yi masa susa, asubar fari su fita dashi kilisa, shekara biyu uku ana haka sai mai doki ya ga hannun yaro ya faɗa sannan yace to gobe kai zaka hau. Ba wata makaranta, hanyar kenan guda ɗaya. To wane uba ne zai bar 'yarsa ta kwana a barga cikin samari, ko ta bi motar dawaki zuwa Sakkwato ko Maraɗi ko Yamai a kwana uku ana tsere? Ni kaina bazan bari ba. Kinga tun daga bakin barga ƙofar take a rufe, ba a kai ga gwada ko zata iya ba.

Bakano a Ingila:

Baba Ɗan Barga Allah ya ƙara girma, wannan ta ƙarshen da ka faɗa ita ce maganar, kuma abin mamaki ko nan da ƙofar barga take a buɗe sai ka tarar da wata ƙofar a gaba.

Yaya, ni aikin raba kaya nake da mota kuma hanyata na bi ta wani gari Newmarket, nan ne cibiyar tseren dawaki a Ingila, dawaki wajen 3,000 ake horarwa a garin. Da sassafe dole ka tsaya a titi su tsallaka, har danja aka yi musu mai maɓalli can sama yadda na kan doki zai danna ba sai ya sauko ba. Ina zaune a mota ina kallonsu layi layi cikin sanyin nan mai sa hanci zuba, hucin dawakin na tashi kamar hayaƙi, wlh in kika ƙirga waɗanda ke kai zakiga 'yan mata sun kai rabi wani lokacin ma sun fi. Su ke fita da dokin kullum, su ke sukuwar gwaji dashi a kan tudun Warren Hill, dokin nan dai da ake cewa yafi ƙarfin mace. Amma ranar tsere, ranar kuɗi da kyamara, sai kiga an kira namiji ya hau.

Ga yadda abin yake tafiya. Mahayi a nan yawanci ba ɗan albashi bane, mai doki da mai horar da dokin su ke zaɓen wanda zai hau, a biya shi kuɗin hawa, in ya ci a bashi kaso cikin kyautar. To doki mai kyau wanda ya saba ci ake ba, shi kuma ya saba ci ne saboda ana bashi doki mai kyau. Mace sai a miƙa mata ragowar da ba wanda ya sa wa rai, ta zo ta tara ko ta goma, sai a ce ai kun gani. A 2018 wata mai bincike Vanessa Cashmore a jami'ar Liverpool ta bi sakamakon tseren Birtaniya na shekara 14, ta gano mata ne ke riƙe da kashi 11.3 cikin ɗari na lasisin ƙwararrun mahaya amma kashi 5.2 kacal na hawa suke samu, kuma da ta auna da ingancin dokin da aka ba kowa sai ta ga mata basu gaza maza da komai ba.

Sannan ki gaya wa 'yata amsar tambayarta ta ina matan suke, doka ce ta hana su. Sai 1972 hukumar Jockey Club ta yarda mata su shiga tsere, Meriel Tufnell ce ta ci na farko a filin Kempton. Grand National ɗin da ta kalla kuwa sai 1977 mace ta fara hawa a cikinsa, Charlotte Brew. A babban taron Royal Ascot wanda gidan sarauta ke zuwa, Gay Kelleway ta ci tsere a 1987, daga nan shiru ba wata mace da ta sake ci sai Hayley Turner a 2019, shekara 32 fa. Ki kwatanta da Hollie Doyle, tsawonta bai wuce ƙafa biyar ba, amma a 2021 kaɗai ta ci tsere 172. Wani attajiri ɗan Kuwait Imad Al Sagar ya ɗauke ta yace ita zata riƙa hawa masa dawakinsa, a 2022 ta ciyo masa Prix de Diane a Faransa a kan goɗiyarsa Nashwa, ɗaya daga cikin manyan tseren ƙasar. Mutum ɗaya mai dawaki masu kyau ya yarda da ita, shikenan.

Akwai kuma zaman ɗakin da mahaya ke canza kaya su hau sikeli. Bryony Frost wadda ta ci babban tseren King George a 2020 ta kai ƙarar wani abokin aikinta yana zaginta yana mata barazana, a ƙarshen 2021 kwamiti ya tabbatar aka dakatar dashi wata 18, da ya ɗaukaka ƙara aka mayar wata 10. Ita da ta yi ƙarar tace wasu abokan aiki sun juya mata baya, daga baya ma Faransa ta koma da hawa. Yarinya 'yar 17 da ke kallon wannan me zata ɗauka?

Su Faransa wani abu suka yi a 2017, suka ce dokin da mace ta hau za a rage masa kilo 2 cikin nauyin da aka ƙayyade masa, banda manyan tsere, daga baya suka mayar kilo ɗaya da rabi a tseren da ba tsallake. Nan da nan masu dawaki suka fara neman mata, hawansu ya ƙaru sosai. Ni dai ina ganin da babu gara ba daɗi.

Malama Uwar Marayu:

Ƙanwata sannu da ƙoƙari, naji daɗi da baki kashe wa yarinya baki ba kika fito nema mata amsa.

Inaso mu raba abu biyu don kar a cakuɗa. Hawan doki kansa ba abin kunya bane ga 'ya mace. Ke da kike 'yar Zazzau, duk hoton Sarauniya Amina da aka zana a kan me take? Kuma ya tabbata a hadisi Manzon Allah SAW ya sa an yi tseren dawaki a Madina daga Hafya zuwa Saniyyatul Wada, ya kuma yabi salihan matan Ƙuraishawa da cewa su ne mafi alherin matan da suka hau raƙuma, kinga hawan dabba ba baƙon abu bane wajen matan farko. Abinda ni yake tsaya min a rai a tseren Turai caca ce, harkar kusan duk a kanta ta ginu, sai kuma cuɗanya da tafiye tafiye irin wanda Baba ya faɗa. Wannan ba ƙaramin abu bane kuma bana so mu yi kamar babu shi.

Amma ki nemo mata labarin Khadijah Mellah. Yarinya ce musulma daga unguwar Peckham a kudancin Landan, ba 'yar gidan masu dawaki ba, a wani kulob na yaran unguwa a Brixton mai suna Ebony Horse Club ta koyi hawa. A watan Agusta 2019 tana 'yar shekara 18 ta shiga Magnolia Cup a filin Goodwood, tseren tara kuɗin taimako ne na mata waɗanda ba sana'arsu bace, da hijabinta a ƙarƙashin hular kwano, ta hau doki Haverland kuma ta ci. Ita ce ta farko mai hijabi da ta yi tsere a Birtaniya. Na kalli lokacin da ta gane ita ta ci, tana kuka a kan dokin, nima sai da na share hawaye. A Saudiyya ma inda ba a caca a filin, a Fabrairun 2020 an gayyato mata suka yi tsere da maza a Riyad, Lisa Allpress 'yar New Zealand ta zama mace ta farko da ta ci tsere a ƙasar. Daular Larabawa kuma sun kafa gasar mata zalla a kan dawakin Larabawa da sunan Sheikha Fatima bint Mubarak.

Wannan na ƙarshen shi yafi kwanta min. Da masu hali a cikinmu zasu ware wuri mai katanga, mata ke koyarwa, 'yan mata su zo da rana su koma gidan iyayensu da yamma, da matsalar kwanan barga ta kau. Muna da filin polo a Kaduna da Kano da Katsina, muna da dawaki, abinda ya rage niyya ce.

Nas a Maryland:

Salam. Anti Malama na yarda dake, amma Yaya Bakano maganar Faransa ban bika ba, zan dawo kanta.

Jihar da nake zaune nan abin ya faro a Amurka. A 1967 Kathy Kusner, matar da ta riga ta wakilci Amurka a hawan doki a gasar Olamfik, ta nemi lasisin tsere hukumar Maryland ta hana ta, sai da ta kai su kotu ta ci sannan aka bata a 1968. A shekarar dai a filin Churchill Downs maza suka ƙi hawa saboda an sa Penny Ann Early a tsere. Diane Crump da ta fara hawa a Hialeah ta jihar Florida a Fabrairun 1969 sai da 'yan sanda suka raka ta cikin taron mutane. Ita ce kuma mace ta farko da ta hau a babban tseren Kentucky Derby a 1970, kuma daga lokacin zuwa 2025 mata 6 ne duka duka suka taɓa hawa a wannan tseren, wani lokacin dawaki har 20 ke tashi amma 6 a shekara 55.

Baba maganar haɗari gaskiya ce, dabba mai kilo 500 tana gudun kilomita 60 a awa, ni da nake aiki a asibiti nasan me faɗuwa irin wannan ke yi wa ƙashin baya da kai. Sai dai ƙashi baya tambayar na waye kafin ya karye. Julie Krone ta ci babban tseren Belmont Stakes a 1993 a kan doki Colonial Affair, bayan kusan wata uku ta faɗi a filin Saratoga idon sawunta ya farfashe, ta warke ta dawo, ta yi ritaya da cin tsere 3,704. Michelle Payne ta Ostireliya ma ta taɓa faɗuwa har ƙoƙon kanta ya tsage, ta dawo ta ci Melbourne Cup a 2015 a kan Prince of Penzance, dokin da ba wanda ya sa a lissafi, yayanta Stevie mai larurar Down shine mai kula da dokin a barga. Tana sauka ta faɗa a gaban duniya cewa wasu daga cikin masu dokin sun so a sauke ta a ba namiji. Sai bayan shekara 10 wata macen, Jamie Melham, ta sake cin wannan kofin a 2025.

Abinda ba wanda ya taɓo shine haihuwa. Shekarun da mahayi ke tashe su ne dai shekarun aure da goyo, kuma sana'a ce da in baki hau ba ba kuɗi, in kika ɗaga ƙafa wata tara kafin ki dawo an ba wani dawakinki. Rosie Napravnik tana kan ganiyarta, ta ci tseren Kentucky Oaks sau biyu, a 2014 ta ci babban tsere a gasar Breeders' Cup, bayan tseren ta sanar tana da ciki ta bar tsere, tana 'yar shekara 26. Namiji a haifa masa yaro da safe da yamma yana kan sirdi.

Shi yasa ragin kilon Faransa baya min daɗi. Binciken da kai da kanka ka kawo yace mata basu gaza ba, to rage musu nauyi kamar an rubuta a littafin doka ne cewa sun gaza, kuma duk wadda ta ci za a ce ai sassauci aka mata. Wasu matan Ingila masu hawa ma sun ce raini ne. Gara a gyara musu wurin canza kaya, a yi tsarin da mai jego zata dawo ta tarar da gurbinta, a hukunta mai cin zarafi da wuri.

Ɗan Barga:

To Alhamdulillahi yau na ƙaru, wannan ta Saratoga da ta farfashe ƙafa ta dawo ta hau, na jinjina mata, don nasan maza da yawa da faɗuwa ɗaya ta raba su da sirdi har abada. Ra'ayina kan filin sukuwarmu yana nan yadda yake a yanzu, amma koyon hawa daban.

Hajiya in za a fara mata kar a ɗora ta kan ingarman hawan sallah, a samu goɗiya mai sanyin hali ko tsohon doki da ya gama zafin kai. Linzami mara kaifi, kar a bata kaimi, a ɗaure majayi da kyau a sake dubawa bayan an ɗan taka don doki yana kumbura ciki lokacin ɗauri. A rage tsawon likkafa daidai ƙafarta, takalmi mai ɗan dunduniya ba silifas ba, da hular kwano ko ta masu babur ce in ta zauna mata daidai. Babba ya riƙe ragama yana zagayawa da ita sati biyu uku kafin a sakar mata.

'Yar Zazzau:

Jama'a na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri ya bar zumunci, ban zaci zan samu bayani haka ba. Jiya da daddare na zaunar da ita na karanta mata duka, da muka zo wajen shekara 32 ɗin nan na Ascot sai ta ƙirga da yatsu tace Mama kusan shekarunki fa. Hoton Khadijah kuwa ta sa na ajiye mata a waya.

Na yi wa babanta magana shi kuma ya kira Alhaji kakanta, ni ina gefe gabana na faɗuwa don na ɗauka faɗa zaiyi. Yayi shiru can sai yace ai ya daɗe da lura duk cikin jikokinsa ita kaɗai akawal ɗin nan ke sunkuyar wa da kai. Yace sukuwa dai babu ita a yanzu kar ma a kawo masa zancen, amma akwai wata tsohuwar goɗiya wajen amininsa zai sa a kawo ta hutun nan, a bayan gida za a riƙa yi shi da kansa zai riƙe ragamar. Baba Ɗan Barga na rubuta duk abinda ka lissafa, gobe in Allah ya kaimu zan shiga kasuwa da ita a gwada mata hular, don ance in tayi yawa ma bata da amfani.